Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakuna, malamai da attajiran Hausawan Sudan kan yaran da ba su koma aji ba tun korona

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe sarakunanmu da masu unguwanninmu, waɗanda a nan muke kira umda da shehu. Allah ya gafarta malamai, limamai da alarammomi. Gaisuwa ga alhazai da hajiyoyi, manoma da 'yan kasuwa, daga Mai Wurno zuwa Gadarif da Kasala, daga Damazin da Rusairis zuwa Bur Sudan, har ƙauyukan Jazira da kambo-kambon da 'yan uwanmu ke zaune a ciki, wato matsugunan masu ƙwadagon gona.

Ni 'yarku ce, malamar makarantar gwamnati a wata unguwa ta gefen Gadarif, makarantar da ta haɗa maza da mata. Shekara 19 ke nan ina koyar da ƙananan azuzuwa, inda yaro ke fara haɗa baƙi da wasali. Abin da ya shafi hukuma mun saba rubuta shi da Larabci mu miƙa ta hannun shugaban makaranta. Wannan kuwa maganar cikin gida ce, shi ya sa na yi ta da harshen da uwata ta rarrashe ni da shi. In bakina ya yi kaushi a wani wuri ku yafe wa 'yarku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa a ɗakin nan nake wuni.

Na san abin da wasu za su ce da zarar sun ga kalmar korona: ana ta kai, wa ke ta kaya? Ƙasa na cikin yaƙi tun 15 ga Afrilun 2023, mutane na neman inda za su sa haƙarƙarinsu, ita kuma ta zo tana tono cutar da aka manta. Gaskiya ne, yaƙi ya fi komai muni. Amma ni da nake duba littattafan yara kullum ina shaida muku cewa tsagewar bangon a 2020 ta fara, yaƙi ya zo ya tarar da shi a tsage. Ko gobe Allah ya kawo zaman lafiya, aka yi wa kowace makaranta fenti, dubban 'ya'yanmu za su zauna a kan benci ba su iya karanta layi ɗaya ba, wasu dubban kuma ba za su zo ba sam, domin tun shekara biyar da suka wuce ƙafarsu ta ɗauke.

A tsakiyar watan Maris na 2020, kwana kaɗan bayan an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Khartum, aka ce kowa ya koma gida. Mun ɗauka hutun wata guda ne. Aka ce za a koma a Satumba. Kafin nan ruwa ya zo, ambaliyar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku. Makarantu da yawa suka rushe, wasu kuma aka zuba waɗanda ruwa ya cinye wa gidaje a cikinsu. Aka ɗaga zuwa Nuwamba, cutar ta sake tasowa, aka sake ɗagawa. Sai da 2021 ta shigo sannan akasarin yaranmu suka sake ganin cikin aji.

Sanarwa ɗaya aka yi wa kowa, amma kowane gida da yadda ta same shi. Ƙanwata tana aure a Jidda. Can ma a watan Maris ɗin aka rufe, kuma 'yan firamarensu ba su koma aji ba sai Janairun 2022, wato sun fi mu daɗewa a gida. Amma kullum ɗanta yana gaban waya a manhajar Madrasati, malami na kiran sunansa yana amsawa, in darasi ya wuce shi ya kama a tashoshin talabijin na Ain. Ba ma sai mun tsallaka Bahar Maliya ba. A cikin garin nan namu, ɗan da ubansa ke biya masa makarantar kuɗi yana samun darasi ta WhatsApp, da yamma kuma ga ustazu ya zo har gida an shimfiɗa masa tabarma an kawo shayi. A unguwarmu fa? Gida nawa ne ke da lantarki? Waya ɗaya ce a gidan, tana aljihun maigida, maigida yana gona ko kasuwa. In ya dawo da dare batir ya mutu, sai an kai shagon caji an biya. Da aka ce za a riƙa ba da darasi ta talabijin da intanet, mu dai labari muka ji.

Akwai kuma wata asara da ta fi taɓa mu, wadda ban taɓa jin an ambata a taron malamai ba. Yaron da Larabci ne harshen gidansu, ko makaranta na rufe, kunnensa na nan cikin harshen da za a yi masa jarrabawa da shi, ko da na gida ya bambanta da na littafi. Namu yaran da yawa, musamman na ƙauye da na kambo, Hausa suke ji a tsakar gida, su tsinci Larabcin kasuwa a titi, Larabcin littafi kuwa a aji kaɗai suke gamuwa da shi. Da aka garƙame aji, darasi ya tafi, harshen darasin ma ya bi shi. Kada wani ya fahimce ni a karkace. Hausa ba ta cuci ɗan kowa ba, yaro mai harshe biyu mai arziki ne, ni kaina da su biyun nake cin abinci. Abin da nake faɗa shi ne ɗan shekara bakwai da ya fara saba kunnensa da sabon harshe, in aka raba shi da shi kusan shekara guda, komawa yake yi farko.

Ranar da muka koma na buɗe rajista. Ni na biyo ajina daga na biyu zuwa na uku, don haka na san kowa da gidansu. Suna 68 ne a ciki kafin a rufe. A makon farko 47 suka amsa. Na yi ta aike, na yi ta bin gidaje, wasu 6 suka biyo baya. Saura 15. Ba wanda ya tambaye ni su. Takardar da aka ba ni in cike tana da gurbin adadin waɗanda suka zo, babu gurbin waɗanda ba su zo ba. Sai na rubuta sunayensu a bangon baya na littafin shirin darasina, yana nan har yau.

Cikin waɗanda suka dawo akwai wata yarinya, bari in kira ta Hauwa'u, ba shi ne sunanta ba. Kafin a rufe, ita nake tayarwa ta karanta wa 'yan uwanta in muryata ta dushe. Na miƙa mata littafin bara don in ga inda muka kwana. Ta miƙe da murna, ta fara karantawa da sauri, yatsanta na bin layi. Can sai na lura yatsan yana layi na uku, bakinta kuwa ya kai na biyar. Ashe hadda take zubowa daga abin da ya rage mata a kai. Na je allo na rubuta sabuwar jimla mai kalma huɗu, irin wadda a da ba za ta ko tsaya ba. Ta kalli allon, ta kalle ni, idonta ya cika da ƙwalla. Ta matso ta ce mini da Hausa, a hankali don kada sauran su ji: "Ustaza, baƙaƙen sun gudu."

In sun gudu wa Hauwa'u, ku auna na bayan aji.

Duk da haka aka ciyar da kowa gaba, manhaja ta ɗora daga inda takarda ta ce an tsaya. Ina so iyayena ku gane yadda wannan abu yake cin yaro, don ba ya nunawa a fuska. Shekara uku na farko yaro koyon karatu yake yi. Daga aji huɗu kuwa da karatun ake koya masa komai: tarihi, kimiyya, addini, har tambayar lissafi sai ya karanta ta. Wanda ya wuce wannan gaɓa ba tare da ya riƙe baƙaƙe ba, ba wanda zai sake komawa da shi, domin malamin aji huɗu yana da nasa littafin da aka ce ya ƙare. Sai yaron ya koma bencin baya, ya riƙa kwafe abin da ke allo kamar mai zanen lalle, littafinsa cike da rubutu mai kyau, in uba ya duba ya ji daɗi. Ran da aka tayar da shi ya kasa, a yi masa dariya ko bulala. Wata rana ya ce kansa na ciwo, wata rana ya tsaya a hanya, kafin shekara ta zagayo ya zama ɗan kasuwa. A gida a ce ba shi da kai. Kansa lafiya lau, tsani ne aka zare masa matakin ƙasa.

Daga nan abubuwa suka yi ta bin juna kamar an kwance tsintsiya. A Janairun 2021 firaminista Abdalla Hamdok ya dakatar da sabuwar manhaja bayan ce-ce-ku-cen da aka yi kan wani hoto a littafin tarihi na aji shida. Ba na neman tayar da waccan muhawara, abin da na sani kawai mu a aji mun zauna tsakanin tsohon littafi da sabo, yara biyar ko shida kan kwafi ɗaya. Aka sauya tsarin karatu daga shekara 8 da 3, aka dawo da matsakaiciyar makaranta, ya zama 6 da 3 da 3, sai ga yarinyar da a da za ta kai aji takwas a unguwarsu yanzu dole ta nemi wata makaranta mai nisa da ta gama aji shida. A Fabrairun shekarar aka karya darajar fam, kuɗin Sudan, daga 55 zuwa 375 kan dala ɗaya, hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin 100, littafin rubutu ya zama abin da uba ke tsayawa ya yi tunani kafin ya saya. Juyin mulkin 25 ga Oktoba ya zo. A Yulin 2022 rikicin ƙabilanci da ya rutsa da mutanenmu a jihar Bulu Nayil ya ɓarke, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, kun fi ni sanin jinin da ya zuba da iyalan da suka watse. A ƙarshen shekarar malamai muka shiga yajin aiki. Ina cikin waɗanda suka ajiye alli, domin albashina ya daina kai ni ko tsakiyar wata. Ban yi nadamar neman haƙƙina ba, amma na san a jikin wa aka fanshe.

A Satumban 2022, tun kafin a harba harsashi ɗaya na wannan yaƙi, UNICEF da Save the Children suka ce yara miliyan 6.9 a Sudan ba sa zuwa makaranta, ɗaya cikin kowane uku. Bayan shekara guda, a Oktoban 2023, adadin da suka bayar ya kai miliyan 19. Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, Sinja ta bi a tsakiyar 2024, azuzuwanmu suka cika da 'yan gudun hijira. 'Yan sakandaren da ya kamata su zauna jarrabawar shahada, ta kammala sakandare, a 2023 ba su zauna ba sai ƙarshen Disamban 2024. Ku ɗauki yaron da ya shiga aji ɗaya a daminar 2019 yana ɗan shekara shida. Yau shekararsa 12. Da wuya ku nuna mini shekara guda da ya yi karatu daga farko har ƙarshe ba a sallame shi a tsakiya ba.

Ɗaya daga cikin 15 ɗin nan kusan kullum ina gamuwa da shi. Yana kan amalanken jaki, karo, da ganga a baya yana sayar da ruwa, kun san yadda ruwa yake a Gadarif. In ya hango ni sai ya karya kwana ya shiga lungu. Na je wurin mahaifinsa tun a 2021. Mutumin kirki ne, ya sa aka kawo mini ruwa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce: "Ustaza, ba ni na cire shi ba. Makaranta ce ta sallamo shi ta ce ya zauna gida. Wata goma yana zaune, in zuba masa ido? Yanzu gawayin gidan nan da sukari shi ke saye." Ban sami abin da zan ce masa ba a ranar. Yau yaron ya zama saurayi, gashin baki ya fara tsiro. Ko ubansa ya yarda, ba zai zauna kan benci ɗaya da 'yan shekara takwas ba. Makarantar da muke da ita ba ta da gurbin irinsa, kuma irinsa sun cika kasuwa da tasha da gonakin riɗi. Kuma kun san a wannan zamani waɗanda ke yawo suna neman samari marasa abin yi, da abin da suke damƙa musu a hannu.

Hukuma na da nata alhakin, zan zo kai. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na ga yadda muke in abu ya taso. Bayan rikicin 2022 na ga mata suna fito da zannuwansu da tukwanensu, na ga 'yan kasuwa sun cika motoci da dawa. In diyya ta hau kan ɗan unguwa, kafin Juma'a biyu an haɗa. In biki ne, ba a magana. Mu mutanen gayya ne, abin da maƙwabtanmu ke kira nafir, ba mai koya mana. Amma shekara biyar ke nan ban ji an tashi a masallaci bayan sallama an ce jama'a, yara kaza a unguwar nan ba su koma makaranta ba, me za mu yi. Rashin karatun yaro ba ya zubar da jini, ba ya ihu, shi ya sa ba a yi masa shela.

Allah ya gafarta malamai, da ku zan fara roƙo, domin a unguwarmu lokacin da makarantarmu take garƙame, da asuba ina jin tashin karatun allo daga zaurukanku. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa, wasu a hanyar Makka, wasu a ayarin da ya biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, sun bar gonaki da gidaje amma sun taho da allunansu. Wannan gadon shi ne jarin da ya rage mana, kuma yana da wata fa'ida da 'yan uwanmu na Kano da Zinder ba su da ita. Can ɗan allo in zai shiga boko sai ya koyi wasu baƙaƙe daban. Mu nan baƙaƙen allo su ne baƙaƙen makaranta. Tazarar da ke tsakani ƙarama ce ƙwarai, sai dai ba mai tsayawa ya cike ta. A wasu zaurukanmu har yanzu rubutun kakanni ake yi, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ke da ɗaya a sama. A littafin makaranta fa ce ke da ɗaya a sama, ƙaf biyu. Na sha ganin yaro ya ga fa ya kira ta ƙaf, sabuwar malama da ba ta san allonmu ba ta ce daƙiƙi ne, alhali yaron ya haddace izu biyar. Minti goma ya ishe ni in warware masa. Haka kuma ɗan allo ya saba da wasali a kan kowane baƙi, in ya gamu da rubutu tsirara sai ya tsaya cik. Wannan ma aikin 'yan makonni ne.

Roƙona shi ne ku ara mana zaurukanku na awa ɗaya da rabi bayan la'asar, ko a ranakun Alhamis da Juma'a da allo ke hutu. Ba za a taɓa karatun Alƙur'ani ba ko da aya ɗaya. Za a zaunar da kowane yaro shi kaɗai na minti biyar, a nuna masa baƙaƙe, sannan kalmomi, sannan gajeren sakin layi, sannan ɗan labari, a ga inda ya tsaya. A raba su bisa inda suka tsaya, a manta da shekaru da lambar aji. Wanda ya tsaya a baƙi ya zauna da 'yan baƙi ko da yana aji shida, samari irin mai karo a ware musu nasu zaman bayan isha don kada su ji kunya. A yi bayani da Hausa, a karanta da Larabci. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta daɗe tana yin sa, wasu ƙasashen Afirka ma sun ɗauka. Kuma in kun duba da kyau, tsarinku ne na allo: ba a wanke wa yaro sai ya iya, ba a duba shekarunsa.

Na gwada, shi ya sa nake da bakin magana. Bayan faɗuwar Madani wata baiwar Allah ta sauka a ajina, ita da 'ya'yanta huɗu da surukarta. Ran da na shiga ɗaukar wasu takardu na tarar an jera benci an yi gado, allon bango kuwa cike da lambobin waya, a ƙasa an rubuta "don Allah kada a goge". Lambobin 'yan uwanta ne da take nema. Muka gaisa, hira ta yi hira, ashe malamar lissafi ce, shekararta 22 a aji. Ba Bahaushiya ba ce, ko sannu ba ta sani ba. Da zaman banza ya ishe mu, muka shimfiɗa buhuna a gindin dalbejiyar makaranta, muka tara 'ya'yan unguwa da 'ya'yan baƙi wuri ɗaya. Ni baƙaƙe, ita lissafi da tsakuwa da murafan kwalba. Cikin wata biyu yaran da suka zo ba su bambance ba da ta suka fara haɗa kalma. Ita kuma ta koyi "sake" da "madalla", yara na ta murna in ta faɗa. Irinta suna nan da yawa a Gadarif da Kasala da Bur Sudan, ƙwararrun malamai a zaune, albashi ya yanke ko yana zuwa a gutsure. Ga kuma 'ya'yanmu 'yan jami'a da jami'o'insu suka tsaya. Ma'aikata ba su yi mana ƙaranci ba. Kuma in an buɗe zauren, a buɗe shi ga ɗan kowa, kada a tambayi yaro ƙabilarsa a bakin ƙofa, mun san zafin wannan tambayar.

Alhazaina, ga kaka ta zo, motoci na shiga kasuwar amfanin gona. Hukuncin ko zakka ta shiga nan ko ba ta shiga ba na bar wa malamai, sadaka nake roƙo. Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: ɗan ihsani na wata-wata ga mai koyarwa, alli, littattafan rubutu, da abin da yaro zai sa a ciki. Kada ku raina wannan na ƙarshe. Lokacin fatur, wato hutun karin kumallo, ya fi kowane lokaci nuna mini wane ne ɗan wane. Wasu su kwance burodi da ful, wasu su koma bayan aji su yi kamar suna wasa har a kaɗa ƙararrawa. Tukunyar balila guda, dafaffen hatsi ko wake, tana riƙe yaran da wa'azina bai riƙe ba. Kowane mai babbar gona ya ware buhu, 'yan uwa na Saudiyya masu turo kuɗi ta manhajar banki ta Bankak su ware wani abu da sunan wannan aiki. A naɗa mutum uku su riƙe, a sa mace a ciki, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata, don mun sha ganin asusun da rashin bayani ya kashe. Na san riɗi ba ya jira, in ya bushe ya fashe ya zube, kuma na san gidaje da yawa da kuɗin yanka suke cin shekara. Ba zan ce ku kori yara daga gona su kwana da yunwa ba. Amma wanda ya ci gumin yaro a Oktoba, ya tuna da allonsa a Janairu.

Cikin 15 ɗin nan, 9 mata ne. Wasu talla ta ɗauke, wasu reno, wasu yanzu suna ɗakunan mazajensu da goyo. Ba na zagin auren kowa. Uban da ya ga 'yarsa zaune shekara da shekaru, ga tsoro ga yunwa, na san abin da ya hango. Amma aure ba ya hana karatu, tarihinmu shaida ne. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna koyar da matan aure da tsofaffi, tsarin da ake kira 'Yan Taru. A nan ƙasar kuma, Babikir Badri a gidansa na Rufa'a ya fara koyar da 'yan mata a 1907, da 'ya'yan gidansa da na maƙwabta, daga wannan iri jami'ar Ahfad ta tsiro. Hajiyoyi, tsakar gida ɗaya a kowace unguwa ta isa. Limamai, kalma ɗaya daga bakinku ga mazajen ta fi zuwana goma.

Ranku ya daɗe, ku ne in kun shiga ofis ake miƙewa a ba ku kujera. Ku tafi a tawaga, da sunaye a hannu. Ku nemi a amince da azuzuwan cike giɓi, yadda saurayin da ya koyi karatu a zaure zai sami hanyar komawa ya zauna jarrabawa, kada wahalarsa ta tsaya a zaure. Ku nemi matsakaiciyar makaranta kusa da unguwanninmu, da malamai a ƙauyuka da kambo, ko da za mu gina musu ɗakin kwana da gayya. Ku nemi kada a mayar da yaro gida saboda kuɗin gudummawa ko rashin yunifom. Inda har yanzu baƙi ke cikin azuzuwa, a sama musu matsuguni na mutunci kafin a ce su tashi. Sannan maganar takardar haihuwa da lambar ƙasa. Kun san wahalar da mutanenmu ke sha a kanta, mutum kakansa a nan aka binne shi amma a ce ya kawo shaida kan shaida. Na ga yarinyar da ta kai bakin jarrabawa ta tsaya saboda takarda. Ku tsaya wa yaran tun suna ƙanana, kada a bari sai rajista ta rage mako guda a fara guje-guje.

Amma kafin tawaga, kafin buhu, akwai aikin da ba ya cin ko fam ɗaya, kuma ku kaɗai ne za ku iya sa a yi shi. A ƙirga. Kowane mai unguwa ya sa samari biyu da mata biyu su bi gida-gida da littafi: yara nawa ne daga shekara 6 zuwa 17, wa ke zuwa, wa ya daina, a wace shekara, a wane aji. Matan su shiga ciki, domin maigida sau da yawa 'ya'ya maza yake lissafawa. Ba a buɗe mini kowace ƙofa, ni malamar gwamnati ce, wasu na ganin kamar ƙara zan kai. In saƙon daga bakinku ya fito, za a buɗe.

Hauwa'u tana nan, shekararta 13. Ta zauna da mu a gindin dalbejiya cikin 'yan baƙi, ta fi kowa tsawo, ba ta fasa zuwa ba. Kwanan baya ta tare ni a hanya ta ce ita ta karanta wa kakarta takardar magani. Sauran 15 ɗin kuwa, na san inda 11 suke. Huɗu sun tashi da iyayensu, an ce wasu sun yi wajen Kasala, wasu ƙauyukan kudu. Littafin da sunayensu ke ciki yana jakata kullum. Duk mai unguwa ko limamin da ya shirya farawa, ya aiko makarantar unguwarsa a tambayi malaman ƙananan azuzuwa, kusan kowannenmu yana da irin wannan littafi. Nawa zan kawo da ƙafata ran da aka kira ni.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
malamar ƙananan azuzuwa, Gadarif